Jakin Bindiga Zai Koma Gida

Namiji ne, Yaya! Matar ɗana Sule ta sauka lafiya, namiji ne, kuma takardar bindiga ta fito! Wayar tangaraho ta iso daga Gamawa ranar Lahadi, takarda ta fito ranar Talata da hatimi uku a jikinta. Ga ta nan a kan cinyata, ina rubutu ina leƙenta. Zan koma gida, kuma da bindigar zan koma.

Af, na manta gaisuwa. Assalamu alaikum, Yaya Haruna. Gaisuwa daga ƙanenka Idi, daga ɗakina na unguwar Mahjar, nan Jidda. Ba zan tambaye ka lafiya ba, inda kake ba a yin wannan tambaya. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Amma kada ka ɗora wa mutuwa laifi. Da yau kana zaune a kan tabarmarka a unguwar Ammariyya, juya ta za ka yi sama da ƙasa, ka miƙa wa wani ya karanta maka. Ni kuwa da hannuna nake rubutawa. Layin yana karkacewa kamar tafiyar ƙaguwa, amma nawa ne.

Tun ranar Lahadi ƙafata ba ta zauna ba. Na raba dabino har ga Yamalawan da ke sayar da burodi a bakin layi. Na rungumi mai kawo waya, bawan Allah ya tsorata. Jika namiji, Yaya, bayan 'yan mata biyu! Ni Idi, da furfurata da ciwon gwiwata!

Bari in tuna maka wasu abubuwa, tunda kai mutum ne mai saurin manta abin da ka yi wa wani.

Ka san dokar gidan Baba Jatau. Gidan maharba ne. In an haifi namiji, babban gida ya fita ƙofa ya harba sama sau biyu, don na gona da na rafi su ji. In mace ce, guɗa ta wadatar. In kuwa an ce namiji ne amma aka ji shiru, to kowa ya san bai zo da rai ba, sai mata su yafa zane su taho gaisuwa. Haka muka taras, haka mutanenmu da muka yi hanya tare suka san mu da shi.

Bayan rasuwar Baba muka ɗauki hanyar gabas a ƙafa, kai da bindigarsa ta toka, ni da tukunya da buzu. A ƙasar Wadai ta fashe maka a hannu. Ka yi kuka ranar, na gani, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da muka kai Madani, a ƙasar Sudan, muka tsinci auduga kaka uku, ni da kai, bayana da bayanka, har muka sayi mai baki biyun nan a wurin wani Bature ɗan kasuwa. Ka ciro layar Baba daga tsohuwar ka ɗinke ta a gindin sabuwar, ka ce daga yau ita ce bindigar gidanmu. Gidanmu ka ce. Na ji da kunnena.

Sai aka ce ba a riƙe irin wannan bindiga sai da lasisi, lasisi kuma sai an dangwala yatsa. Nan ka tirje. Ka ce Baba ya gargaɗe ka, maharbi ba ya barin gashinsa ko farcensa a hannun wani, balle sawun yatsan hannun da yake harbi da shi. Wanda ya riƙe sawun yatsanka ya ɗaure maka hannu. Ka ce ni in je in dangwala, tunda hannuna ba shi da wani amfani da za a ɗaure. Na je. Akawu ya tambaye ni sunana, na faɗa masa. Ya kama yatsana ya danna. Na dawo na ce an gama, ka ce madalla. Takardar ma ka ce kada ta kwana ɗaki ɗaya da kai, in riƙe ta a wurina.

Tun daga ranar duk inda bindiga za ta, sai da ni, don in an tare mu a nuna yatsa. Ni ne ɗauka, ni ne gogewa, ni ne shafa mai, ni ne ɗura harsashi in miƙa maka. Kai ne jan kunama. Shekara arba'in, Yaya, ka taɓa cewa in gwada ko sau ɗaya? Ko a kan gwangwani? Kai ka raɗa mini Jakin Bindiga. Ka faɗa a gaban surukaina, ka faɗa a gaban Larabawa, har 'yan dakon Bab Makka da ba su jin Hausa suka iya shi.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Ranar haihuwar Sule ce ta ƙi wuce mini maƙogwaro.

Matata Ladi ta fara naƙuda tun hantsi, ba ta sauka ba sai la'asar. Ungozoma ta leƙo ta ce namiji. Na taho da gudu ba takalmi, na same ka a gindin darbejiya kana aswaki. Na ce Yaya, namiji ne. Ba ka ko cire aswakin daga baki ba. Ka ce harsashi na nama ne, kuma ba a taɓa yi wa ɗan jaki bindiga ba. Mutanen da ke wurin suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Bindigar tana jingine a jikin itacen, da hannuna na goge ta da safen nan.

Ka san abin da ya biyo baya? Na san an gaya maka, amma ba a gaya maka kamar yadda zan gaya maka ba. Unguwa ta ji an ce namiji, unguwa ta kasa kunne, unguwa ta ji shiru. Kafin magariba mata suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kai a rufe, suna cewa Ladi sai haƙuri, Allah ya ba da mai tsayawa. Wata tsohuwa ta kawo farin ƙyalle na likkafani a naɗe. Suka tarar da yaro a ƙirjin uwarsa yana shan nono. Ladi ta miƙa hannu. Ta karɓi ƙyallen ta sa a ƙarƙashin matashi, ta juya fuskarta ga zana. Wata huɗu bayan haka Tabawa ta haifa maka Abdulƙadir. Sau huɗu ka harba. Ni na ɗura maka.

Ladi ta rayu shekara ashirin bayan wannan rana, kuma ba ta sake kiran sunanka ba. Maƙabarta ɗaya kuke yanzu. In ana haɗuwa a can, ina fata ta buɗe baki.

Da muka tsallako Jidda aka ce takardar Sudan ba ta aiki, a sake ta nan, wadda suke kira rukhsa. Har da hoto. Ka ce hoto ya fi yatsa sharri. Na je na tsaya. Ko da iƙama, takardar zaman ƙasa, ta matsa maka daga baya, da hagu ka dangwala, ka kwana uku kana wanke hannun da rubutu. Ta bindiga kuwa ka ce a bar ta yadda take, jaki ya saba da layi. Ka sami kafilinka, Balaraben da ya tsaya maka, mai son farautar kurciya, duk kaka ku fita bayan gari a mota, kai a gaba kusa da shi, ni a baya da bindiga da tulun ruwa. Kai ka harba, ni in ruga cikin ƙaya in yanka kafin ta mutu. Sauran shekara in koma dakona.

Bayan Ladi ta rasu, Sule kuma ya koma gida ya yi aure, ɗaki ya yi mini faɗi. Na shiga ajin manya na bayan magariba. Ka tuna dariyar da ka yi? Ka ce gemu ya yi fari sannan za a nemi alif. Na sha wuya, ba na ɓoyewa. Alƙalami ya fi buhun shinkafa nauyi a hannun ɗan dako. A shekara ta biyu, wata Juma'a bayan an sauko masallaci, na buɗe gwangwanin da nake ajiye takardar, don kawai in gwada kaina. Na bi harafi ɗaya ɗaya da yatsa. Idris Jatau. A ƙasa an rubuta mai mallaka. Na juya bayanta ina neman Haruna. Na ɗauko tsohuwar ta Madani na kai wa malaminmu, shi ma ya duba. Babu Haruna ko'ina. Ashe tun ranar da akawun nan ya tambaye ni sunana, kai ne kake aron bindigata.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba: shekara bakwai na sani na yi shiru. Na ci gaba da ɗauka, na ci gaba da gogewa. Ba ka lura ba cewa tun daga lokacin in ka kira ni Jaki murmushi nake yi? Ka ɗauka na haƙura ne. Jira nake yi. Abdulƙadir ya yi makaranta, da ya ga takardar sau ɗaya da ya gane. Wa ya hana ta shiga gidanku? Kai.

Ga na biyu. Da kake kwance a asibiti bara, ka aiko mini sau uku. An gaya maka ba a same ni ba. An same ni, Yaya. Aike na uku ma a bakin ƙofa ya tarar da ni, na sa hula zan fita. Ranar ce rukhsa take ƙarewa. Na auna layin ofis da gadon asibiti, na tafi layi. Da na dawo da sabon hatimi aka ce ka cika. Na yi maka wanka, na bi sallarka, na sa kafaɗa a makararka. Ɗaukar kayanka ai ba baƙon aiki ba ne a wurina. Ran uku na je Ammariyya na ce zan tafi da bindiga in goge ta kamar kullum. Ba wanda ya hana ni. Wa ke tambayar jaki ina za shi da kaya?

Da aka kwana biyu ba ta dawo ba, ɗanka ya kai ni gaban umda, mai unguwarsu. Ya zo da shaidu uku, duk sun ji ka ce bindiga ta Abdulƙadir ce. Umda ya saurare su sarai, sannan ya ce a kawo rukhsa. Na ciro. Ya dubi hoton ya dube ni. Ya turo mini tawada in dangwala a gwada, na ce a ba ni alƙalami. Na rubuta sunana a gabansu, a hankali, sannan na dangwala a gefensa don kada a ce. Umda ya ce halas, magana ta ƙare, mutum ba ya wasiyya da abin da ba nasa ba.

A waje Abdulƙadir ya riƙe mini hannun riga. Ƙaton mutum mai tuƙa motar kamfani, hawaye har gemu. Yana ta ya ammi, ya ammi, haram alek, wato baffa, kada ka ɗau alhaki, wai ita kaɗai ce abin da ke ƙamshin hannun ubansa. Na ji shi sarai, Larabcina ya isa nan. Amma na ce masa ban gane ba, ya faɗa da Hausa. Na ce in ya iya gaya mini da Hausa sunan kakansa, da garinmu, da abin da harbi biyu yake nufi a gidan Jatau, a nan take zan bar masa ita. Ya buɗe baki. Ya kama Gamawa da ƙyar, sauran ya tsaya masa. Mutane suna kallo. Na zare hannun rigata na wuce. Ni na hana ka koya masa? Kai ne ka ce Hausa harshen 'yan dako ne, ɗanka ɗan Hijaz ne. To ga ɗan Hijaz nan na bar maka.

Matarka ta zo har Mahjar bayan ta fita takaba. Hajiya Tabawa ta tsufa ƙwarai, da sanda take tafiya yanzu, kuma idonta na dama ya rufe. Ta ƙi shiga, ta zauna a dokin ƙofa. Ta ce ba roƙon bindiga ta zo ba, saƙo ta kawo. Wai da kake aiko mini, so kake ka gaya mini kalmomin da Baba ya ba ka, waɗanda ake faɗa kafin a ja kunama. Wai ka ce Abdulƙadir ba zai iya riƙe su ba, Idi ne kaɗai ya rage. Wai har ka cika idonka yana kan ƙofa.

Gaskiya ta faɗa, ko ta shirya ne don ta karya mini gwiwa? Ban sani ba. Na ce mata ka makara da shekara arba'in. Na ce in kana da abin ba ni, akwai wata la'asar a gindin darbejiya da ya kamata ka bayar. Ta tashi ba ta sha ruwan da na kawo ba. Kwana biyu abinci bai shiga cikina ba. Rana ta uku na ci, har na ƙara. Ka tafi da kalmominka, su ruɓe tare da kai. Bisimilla ta ishe ni.

Tun da Sule ya rubuto cewa matarsa tana da ciki na fara bin takardu. Ban san namiji ne ba, amma jikina ya ba ni. Ba ƙaramin aiki ba ne mutum ya koma ƙasarsa da bindiga, ko da tasa ce halak malak. Sai da Sule ya nemo izinin hukumar can, hakimi ya shaida cewa mu gidan maharba ne tun kaka da kakanni. Aka aiko, na kai ofishin jakadanmu aka buga hatimi. Na kai wa hukumar nan, suka duba lambar da ke jikin ƙarfen, suka gwada da ta rukhsa, suka ce in dawo. Na dawo, suka ce in sake dawowa. Takalmi biyu na kashe. A kowace taga ana tambaya ina mai ita, ni kuma in ce ga ni. Wallahi, Yaya, don daɗin faɗin wannan kaɗai da zan yarda a ƙara mini taga goma.

Mai duba ta na ƙarshe ya ga layun da ke jikinta ya ɓata fuska, ya ce a cire waɗannan fatu. Na cire. Ta Baba na ɗinke ta cikin hulata. Naka guda biyar, waɗanda ka yi ta ƙarawa don kada a ɗaure maka hannu, na zuba su a jaka. Sun kuma ce jirgi ba ya ɗaukar harsashi, sai in saya a Kano. Don haka na haɗa layunka da ragowar kwalin harsashinka na aika wa Abdulƙadir, na ce ga gadonsa. Ai harsashi na nama ne. Na ji an ce dole ya miƙa su ga hukuma, tunda ba shi da rukhsa.

Saura maganar suna. Sule yaro ne mai taushin zuciya, bai san abin da ya faru ranar haihuwarsa ba, uwarsa ta hana a gaya masa. A cikin wayarsa ya ce zai sa wa yaro Haruna, tunda kai ne babban da ya rasu. Ban ko zauna ba na nufi gidan waya. Na ce Idrisu. Sunan da ke kan takarda shi zai ci gaba da zama a kanta, in na mutu ba sai an wahalar da akawu ba.

Ka duba fa, Yaya. Ka ƙare rayuwarka kana ɓoye sawunka kada wani ya riƙe, kuma ka yi nasara. Ba ka kan takarda. Ba ka kan jariri. Jiya na je maƙabarta in gaya maka wannan labari baki da baki, na kasa gane wanne ne naka. Ka san kaburburan ƙasar nan, dutse a kai, dutse a ƙafa, ba suna. Na tsaya a tsakiya na faɗa da ƙarfi, wanda ya ji ya isar maka.

Ba zan riski suna ba, jirgina sai bayan mako biyu. Na ce su raɗa, su yanka rago, amma kowa ya sani akwai sauran abu. Ranar arba'in zan fita ƙofar gidan Baba, in akwai sauran ƙofar. Zan sa a fito da Sule ya tsaya a damana da ɗansa a hannu. Biyun farko na Sule ne, bashin uwarsa. Sannan in ɗura da kaina, in miƙa wa kaina, in yi biyu na Idrisu. Ban taɓa harbi ba, ganina kuma ya ragu. Wataƙila ta jefar da ni ƙasa, yara su yi dariya. Su yi. Kafaɗar da ta ɗauke ta daga Madani zuwa nan ta isa ta sha dukanta sau huɗu.

Allah ya jiƙanka, wannan haƙƙinka ne na musulmi, ba zan tauye maka ba. Yafiya kuwa, ka jira. Ka kasa kunne kamar yadda Ladi ta kasa. In ka ji ta tashi, sai in duba zuciyata in ga abin da ya rage. In ka ji shiru, ai ka san ma'anar shiru a gidanmu.

Kafinta ya kawo akwati da safen nan. Ranar Alhamis za a raba ta biyu, a rufe, a buga hatimin dalma, ba mai sake buɗewa sai Kano. Na goge ta har tana ɗaukar ido. Ka san da me na naɗe ta? Da farin ƙyallen nan. Ladi ta ajiye shi, na same shi a ƙasan adakarta. Ya yi ja kaɗan, amma bai yage ba, kuma ya yi mata daidai kamar an auna.

Kafin Alhamis ƙofata a buɗe take. Na aika Bab Makka, na aika Ammariyya, na faɗa a masallacinmu. 'Yan dako su zo, 'yan ajinmu su zo da malaminmu, mutanen Madani da suka yi dariya a gindin darbejiya, wanda ya rage a cikinsu a riƙo hannunsa a kawo shi. Tabawa ta zo, Abdulƙadir ya zo, zan bar shi ya taɓa. Akwai shayi, akwai dabino, ga waya ga takarda a shimfiɗe don mai iya karatu. Kowa ya zo ya gani! Kai ma, Yaya, in ana ba ku izinin fita, ka zo ka gani. Ka tsaya a baya, inda nake tsayawa.

Sai mun haɗu.

Ni ne ƙanenka, kakan Idrisu, mai bindiga,
Idrisu ɗan Jatau, da hannunsa.